Wa labarin ke yi wa shari'a, wanda ake tuhuma ko mai kallo?

Ɗalibar Adabi

Assalamu alaikum malamaina. In aka jera To Kill a Mockingbird da 12 Angry Men da Rashomon, kamar abu ɗaya ne: an tuhumi mutum, an kawo shaidu, an zo hukunci. Amma a na farko mai karatu ya san Tom Robinson, baƙar fatan da aka tuhuma da yi wa farar mace fyaɗe, bai yi ba. A na biyu har aka tashi ba a ce yaron ya kashe ubansa ko bai kashe ba. A na uku kuwa mutum 3 ne kowa ke jan kisan zuwa kansa. Wanne tsari ya fi tona asirin mugun zato? Kuma in mutum zai rubuta nasa, ta ina ake ɗaure shi?

Barista

Wa alaikumus salam. Ki fara raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa: "bai yi ba" daban, "ba a tabbatar ya yi ba" daban. Fim ɗin 12 Angry Men na 1957 a kan na biyun kaɗai yake tsaye. Mutum 12 ne aka kulle a ɗaki, 'yan juri, wato mutanen gari da dokar Amurka ke ɗora wa nauyin cewa da laifi ko babu. Yaron shekararsa 18, in suka ce da laifi kujerar lantarki ce ke jiransa, kuma dole bakinsu ya zo ɗaya. Ƙuri'ar farko 11 da 1.

Marubucin fim ɗin, Reginald Rose, ya kafa tuhumar a kan ƙafafu 4, sannan ya bi su yana sassaƙa. Wuƙar da aka ce babu irinta, sai ɗan juri na 8 ya zaro irinta sak daga aljihu, ya ce a unguwar yaron ya saya. Tsohon da ke zaune a ƙasan ɗakin ya ce ya ji barazanar kisa da faɗuwar gawa, ya kai ƙofa cikin sakan 15 ya ga yaron na gudu. Aka kawo taswirar gidan: ƙafa 12 daga gado zuwa ƙofar ɗaki, ƙafa 43 tsawon baranda, ga tsohon yana jan ƙafa saboda shanyewar jiki. Da aka gwada, sakan 41 aka ci. Ga kuma jirgin ƙasa da ke wucewa ta tagar a daidai lokacin, yana ɗaukar kamar sakan 10 yana ruri, to ta ina ya ji muryar har ya gane ta? Matar da ta ce ta ga kisan daga gadonta, ta tagogin jirgin, aka tuno da shatin tabarau a karan hancinta, kuma ba wanda ke kwana da tabarau. Ta huɗun ita ce yaron ya ce yana silima amma ya kasa faɗin sunan fim ɗin.

Ki lura, ko ɗaya daga cikin waɗannan bai wanke yaron ba. Kowanne raunana shaida kawai ya yi.

Mai Kyamara

Barista ya faɗi rubutun, bari in ƙara abin da ido ke sha ba tare da ya sani ba. Fim ɗin minti 96 ne, kuma ban da 'yan mintoci kaɗan duk a ɗaki ɗaya aka yi shi. Darakta Sidney Lumet da mai ɗaukar hotonsa Boris Kaufman sun fara da gilashin kyamara mai faɗi, milimita 28 zuwa 40, suka riƙa sauyawa zuwa 50, zuwa 75, har 100. Dogon gilashi yana matse tazara, sai bango ya zama kamar ya matso bayan mutum. Sannan kason farko an ɗauke shi daga saman ido, na tsakiya daidai ido, na ƙarshe daga ƙasa, har silin ya fara shigowa hoto. A farko kana kallon mutanen daga sama kamar alƙali. Kafin ka farga kana zaune a tsakaninsu, gumi na keto maka.

Yaron kuma sau ɗaya aka nuna fuskarsa, na 'yan sakan, bai ce uffan ba. Da an ba shi minti 5 yana kuka da rantsuwa, da fim ɗin ya mutu, domin tausayi zai yanke hukunci maimakon hujja.

Malam Nazari

Ni fa ban yarda fim ɗin nan ya kai yadda ake kambama shi ba, a kan batun wariya dai. Dubi ɗan juri na 10. Mutum ne mai mura, mai tsawa, yana ta "irin mutanen nan" har sauran suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka juya masa baya. Fitowa ce mai kyan kallo, amma arha gare ta. Mai kallo ma juya baya yake yi tare da su, ya koma gida yana jin shi tsarkakakke ne. Laifi tudu ne. In marubuci ya zuba duk ƙiyayyar a bakin mutum ɗaya mummuna, ya ba kowa mafaka.

Wanda ya fi ban tsoro a ɗakin shi ne na 4, dillalin hannun jari, wanda ko kwat ɗinsa bai cire ba. Shi ma ya ce unguwannin talakawa matattarar masu laifi ne, amma da sanyin murya, kuma ba wanda ya juya masa baya. Sai na 7, da ke da tikitin kallon wasa a aljihu, wanda ya sauya ƙuri'a don a tashi da wuri. Rashin damuwa irin nasa ya fi tsawar na 10 kashe mutane.

Barista

Malam, a nan muna tare, har ma zan ƙara maka makami. Abin da na 8 ya yi, ya je unguwar da kansa ya sayo wuƙa ya shigo da ita, haramun ne ga ɗan juri. Hujjar da lauyoyi ba su gwada a gaban kotu ba ba ta shiga ɗakin nan, kuma da alƙali ya ji, yana iya rushe shari'ar a sake. Maganar tabarau ma zato ce: ba wanda ya san ko na karatu ne ko na hangen nesa.

Sannan akwai lissafin da fim ɗin ya tsallake. Yaron ya yarda ya sayi wuƙa irin wannan a daren, ya ce ta faɗi ta hujin aljihu. Wato dole a yarda cewa a dare guda ya yi rigima da ubansa, ya sayi wuƙa, ta ɓace, wani kuma ya zo da irinta ya kashe uban. Kowace shaida ita kaɗai tana da rauni, amma in aka ɗaure su tare nauyinsu daban ne. Mai kallo ba ya yin wannan lissafi saboda Henry Fonda, tauraron da ya fito a na 8, ne ke magana, sanye da farin kwat. Mun bar son zuciyar mutum 11 mun kama na kyakkyawar fuska.

Hajiya Malama

Ku dakata, kada a binne Harper Lee, marubuciyar To Kill a Mockingbird, da rai. Ɗiyata ta tambayi wanne ya fi, kuna ta yabon shakka kamar ita kaɗai ce hanya. Littafin 1960 wani ciwo yake nunawa daban: gaskiya ta fito fili, kowa ya gan ta, kuma ba ta hana komai ba.

Ku bi yadda Atticus Finch, lauyan Tom, ya jera hujjar. Da farko ya sa shugaban 'yan sanda Heck Tate ya amsa cewa ba a kira likita ba, wato babu wata shaidar asibiti cewa an yi fyaɗen. Sannan ya sa shi ya tabbatar idon dama na Mayella Ewell, wadda aka ce an yi wa fyaɗen, ne ya kumbura. Wanda ya tsaya gaba da gaba da mutum ya buge shi a dama, bahago ne. Sai ya miƙa wa ubanta Bob Ewell alƙalami ya rubuta sunansa, ya rubuta da hagu. Sai a ƙarshe Tom ya miƙe, aka ga hannunsa na hagu ya shanye, ya gaza na dama da inci 12, tun yana yaro injin gurzar auduga ya cinye shi. Mataki 4, kuma lauyan bai faɗi sakamakon da bakinsa ba sai da kowa ya riga ya gani.

To me ya kashe Tom? Kalma ɗaya. Mai gabatar da ƙara ya tambaye shi dalilin da yake yi wa Mayella aiki kyauta, ya ce tausayinta yake ji. Baƙar fata a Alabama ta shekarun 1930 ya ce yana tausayin farar mace! Wannan ne laifin da juri ya hukunta, ba fyaɗe ba. Kuma ba ƙirƙira ce daga iska ba. A 1931 a jihar ce aka kama samari baƙaƙe 9 na Scottsboro bisa zargin fyaɗe, shari'ar ta je Kotun Ƙolin Amurka sau biyu, a 1932 kan rashin lauya na ƙwarai, a 1935 kan hana baƙaƙe shiga juri. A irin wannan wuri, maganar "shakka mai tushe" wasan yara ce.

Malam Nazari

Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma hannun nan shi ne matsalata. Me ya sa sai an nakasa Tom kafin mu yarda da shi? Da hannayensa biyu lafiya lau suke, shari'ar ba zalunci ba ce? Marubuciyar ta wanke shi fiye da kima don kada mai karatu ya sha wahala. Ewell kuma mashayi ne, ƙazami, gidansa a bayan juji. Na 10 ne ya sake dawowa da wasu kaya.

Hajiya Malama

Wannan fim ɗin 1962 kake ba ni labari, ba littafin ba. Fim ɗin ya yanke wuraren da suka fi cizo. A littafin akwai taron shan shayi na matan coci masu mutunci, suna zubar da hawaye saboda wata ƙabila mai nisa da ba su taɓa gani ba, a lokaci guda suna ƙorafin masu aikinsu baƙaƙe sun ɓata rai bayan hukuncin. A tsakiyar taron ne labari ya zo cewa an harbe Tom a gidan yari, harsashi 17. Akwai kuma malamar makarantar Scout, ɗiyar Atticus, da ta tsine wa Hitler a aji saboda zaluntar Yahudawa, alhali yarinyar ta ji ta a bakin kotu tana cewa lokaci ya yi da za a koya wa baƙaƙe hankali. Waɗannan ba 'yan juji ba ne.

Inda zan ba ka gaskiya shi ne ƙarshe. Boo Radley, maƙwabcinsu mai kulle kansa a gida, ya kashe Ewell don ceton yaran Atticus, Heck Tate ya ce a rubuta cewa mutumin kan wuƙarsa ya faɗa, Atticus ya yi gardama kaɗan ya haƙura. Doka ta lanƙwasa don ta kare Boo, ita da ta ƙi lanƙwasawa ko ta miƙe don Tom. Ban tabbata littafin ya ji nauyin wannan yadda ya kamata ba.

Ɗalibar Adabi

Na gode. To in na fahimci Malam Nazari, so yake mai karatu da kansa ya faɗa ramin. Akwai wanda ya yi hakan sosai? Ina son in ga yadda ake haƙa shi.

Malam Nazari

Akwai, kuma babu kotu a ciki ko ɗaya: Pride and Prejudice na Jane Austen, 1813. Sunan da ta fara sa masa ma First Impressions, wato kallon farko. Ɗauki fensir ki bi shi.

Ta fara da rauni na gaske. Darcy, wani attajiri, ya wulaƙanta tauraruwar littafin Elizabeth a wurin rawa, ta ji da kunnenta ya ƙi rawa da ita yana rage mata kyau. Wannan ba rashin fahimta ba ne, ya yi. In raunin farko na ƙarya ne, mai karatu zai ji an yaudare shi daga baya. Bayan haka ta rufe mu a cikin kan Elizabeth, mai wayo, mai ban dariya, wadda ta yi daidai a kan kusan kowa: ta gane wautar ɗan uwansu Collins, ta gane munafuncin 'yan uwan Bingley, abokin Darcy, mata. Wanda ya yi daidai sau 5, ba ka bincikarsa a na 6. Sai a babi na 16 wani soja Wickham ya zo da labarin cewa Darcy ya hana shi muƙamin coci da uban Darcy ya yi masa wasiyya. Labarin ya dace da abin da muke so mu ji.

Ga inda gwanintar take. Austen ta ajiye alamun ƙaryar a fili tun a lokacin. Mutum ya haɗu da baƙuwa jiya, yau yana zazzage mata sirrin wani gida. Ya ce ba zai gudu don Darcy ba, sai ga shi bai zo rawar Netherfield, gidan Bingley, ba. Ya ce don girman uban ba zai taɓa tona ɗan ba, amma Darcy na barin gari kowa ya ji labarin. Duk mun karanta, duk mun wuce.

Wasiƙar Darcy ta zo a babi na 35 cikin 61, kuma ba roƙo ba ce, lissafi ne: Wickham da kansa ya ajiye muƙamin ya karɓi fam 3,000 a madadinsa, ya cinye, ya dawo, sannan ya nemi gudu da Georgiana ƙanwar Darcy mai shekara 15 saboda gadonta na fam 30,000. Ga kuma shaida da za a iya tambaya, Kanar Fitzwilliam. Babi na 36 gaba ɗaya Elizabeth ce ke sake karanta wasiƙar tana komawa baya, tana tsintar alamun nan ɗaya ɗaya. Kunyar da take ji tamu ce.

Abin da ke lalacewa a hannun masu koyo iri biyu ne. Ko su ɓoye alamun gaba ɗaya, sai juyin ya zama damfara. Ko su buga musu ganga, sai mai karatu ya riga tauraruwar ganewa da babi 10, ya zauna yana raina ta.

Mai Kyamara

Darakta Kurosawa ya yi irin wannan da kyamara a Rashomon, 1950, labarin mutumin da aka kashe a daji bayan ɗan fashi ya tare shi da matarsa, sai dai shi bai aiko da wasiƙa ba. A zaman shari'ar ba a ganin alƙali, ba a jin muryarsa. Shaidu na zaune a tsakar fili suna fuskantar kyamara, suna amsa tambayoyin da ba mu ji an yi ba. Kujerar alƙalin ita ce taka.

Dabarar da ta fi ƙarfi kuwa ita ce ya karya wata yarjejeniya da mai kallo bai san ya sa mata hannu ba, cewa abin da aka nuna a hoto ya faru. Gani ya kori ji, ko ba haka muke cewa ba? To ga gani 4, kowanne da haskensa da kiɗansa. A bakin ɗan fashi Tajomaru, faɗan takobinsa da mijin na jarumai ne, har yana alfaharin sun gwabza sau 23. A bakin mai saran itace, mutanen nan biyu ne dai, amma hannu na rawa, suna tuntuɓe, suna rarrafe a ƙasa, kowa na neman hanyar gudu. Matar ta ce ta suma da wuƙa a hannu, ta farka ta gan ta a ƙirjin mijin. Mamacin, ta bakin mace mai kiran ruhi, ya ce shi ya kashe kansa. Ba mai ƙaryar tsira daga hukunci a cikinsu. Kowa ƙaryar tsira da mutunci yake yi, ya gwammace a kira shi mai kisa da a kira shi matsoraci.

Barista

Kuma kada a ce fim ɗin cewa yake babu gaskiya, wannan karatun ragwaye ne. Akwai gawa, akwai makami guda da ya shige ta. Ana iya yi masa aikin lauya: ware abin da duka suka yarda da shi, wato an ɗaure mijin, an keta haddin matar, sannan a bi abin da ya ɓace. Wuƙar matar mai ado da lu'ulu'u ba a same ta ba. Mamacin ya ce ya ji wani ya zare ta daga ƙirjinsa. Mai saran itace, wanda muka ɗauka shi ne ba shi da riba, ya nace da takobi aka yi kisan, kuma tun farko ya ɓoye wa kotu cewa ya ga komai. A ƙarshe aka tuhume shi da sace wuƙar, ya kasa musu. Shaidar da ta fi kama da gaskiya ita ma da rami a daidai wurin da mai ita ke da abin ɓoyewa.

Hajiya Malama

Tun da an zo nan, ku sa L'Étranger na Albert Camus, 1942, a kan teburin, domin shi ramin nasa ya fi wanda ya haƙa shi zurfi. Meursault ya harbe Balarabe a bakin teku a Aljeriya, harbi 1, ya dakata, ya ƙara 4. Ba ya musu. Amma shari'ar ta koma kan jana'izar uwarsa: bai yi kuka ba, ya sha sigari da kofi a gaban gawa, washegari ya je iyo da budurwa suka shiga fim ɗin barkwanci. Mai karatu na jin haushin kotun da ke hukunta hali maimakon aiki, ya koma bayan Meursault. Sai ka rufe littafin ka tambayi kanka sunan wanda aka kashe. Babu. Ba a kira Balarabe ko ɗaya ya ba da shaida ba. Sai a 2013 Kamel Daoud, marubuci ɗan Aljeriya, ya rubuta amsa da bakin ƙanen mamacin, ya ba shi suna Musa.

Malam Nazari

Tambayar ita ce ko Camus da gangan ya yi. In da gangan ne, ya fi Austen mugunta, don bai ba mu babi na 36 ba. In ba da gangan ba ne, to shi ma yana cikin juri.

Ɗalibar Adabi

Hajiya, a wajen Austen alamun suna nan a shafi, ana iya komawa a nuna su da yatsa. A wajen Camus me za a nuna, tun da abin da ya ɓace shi ne hujjar?

Hajiya Malama

Ki ƙirga, 'yata. Ɗauki kashi na biyu na littafin, ki ja layi biyu a takarda. Duk inda kotu ta ambaci uwar ki sa alama a dama, duk inda ta ambaci wanda aka kashe ki sa a hagu. Sannan ki rubuta shaidun da aka kira: shugaban gidan tsofaffi, mai gadinsa, tsoho Pérez, Céleste mai gidan abinci, Marie, Masson, Salamano, Raymond. Ki duba nawa ne a cikinsu aka yi wa tambaya a kan mamacin. Ki kawo mana takardar, sai mu ga ko Malam Nazari zai bar Camus a kujerar marubuci ko zai mayar da shi cikin juri.

Barista

Ki ƙara layi na uku don 'yar uwar mamacin, wadda Raymond, maƙwabcin Meursault, ya lakaɗa wa duka tun a kashi na farko, Meursault kuma ya je ofishin 'yan sanda ya tsaya masa shaida. Ita ma ba ta da suna.